Gungume, Faskararre ko Gawayi: Wanne Za Ka Tanada Kafin Sanyi Ya Sauka?

Ƙanena ne ya tayar da maganar, wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci. Matarsa na da tsohon ciki, ana sa ran haihuwa cikin Disamba, tsakiyar ɗari ke nan a nan Gusau, ga shi kuma Inna za ta koma gidansa don kula da mai jego. Ya ce, "Yaya, in sayi gungume in faskara kamar yadda kake yi, ko in riƙa sayen faskararre a bakin titi, ko kuwa in haƙura da itacen in ɗauki buhun gawayi?" Ban ba shi amsa a tsaye ba, na ce ya biyo ni gida mu zauna. Duk hanyoyin nan uku na bi su, kowacce na shekara da shekaru a kanta, kuma na ga inda kowacce ke taimakon mai gida da inda take cutarsa.

Kafin a yi maganar kuɗi, sai mutum ya fara duba aikin da wutar za ta yi masa. Mu a nan ba a hura wuta dare da rana don ɗumama gida kamar ƙasashen ƙanƙara. Sanyinmu na wata uku ne zuwa huɗu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ƙarfinsa daga bayan isha'i ne zuwa hantsi. A tsakiyar Disamba da Janairu akwai dararen da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15, ga iska mai tsaga leɓe da dugadugai. Abin da muke nema wurin itace a wannan lokaci shi ne ruwan zafi na alwalar asuba da wankan yara, da girki, sai garwashin da za a zuba a kasko a kai ɗakin tsoho ko tsohuwa. Gidan da ke da mai jego kuwa ya ƙara wani aikin da ya fi sauran cin itace, wato tukunyar wanka safe da yamma har kwana arba'in. Ruwan wanka harshen wuta yake so, mai ƙarfi da sauri. Ɗumin ɗaki ba ruwansa da harshe, garwashi yake so wanda zai daɗe bai zama toka ba. Itacen da ya iya aikin farko ba lallai ya iya na biyu ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu ba su sani ba.

Faskararren itace, wanda ake kasawa kashi-kashi ko a ɗaure ƙulli-ƙulli a bakin hanya, yana da amfanin da ba a musu. Ba ka buƙatar gatari, ba ka buƙatar fili, ba ka fitar da kuɗi mai yawa a rana guda. Ɗan haya mai ɗaki ɗaya a gidan yawa, ko gidan da ba namiji mai ƙarfi, ko wanda abin hannunsa na yini ne, wannan ce hanyarsa, kuma babu abin kunya a cikinta. Ka aiki yaro da abin da ya samu, ya ɗauko na yau, gobe kuma Allah na nan.

Matsalarsa ita ce kana saye ne a lokacin da kowa ke saye. Da zarar hazo ya sauka, sai ƙullin ya fara ramewa. Mai itace bai cika ƙara kuɗi kai tsaye ba, sanda ɗaya yake zarewa, bayan mako ya sake zare wata. Abu na biyu, ba ka da iko a kan abin da ke cikin ɗaurin. Sau da yawa na kwance ƙulli na tarar da marke biyu a waje, ciki kuwa duk ɗurumi ne da cediya, masu ci kamar kara su bar ka da toka. Na uku, kuma shi ya fi damuna, shi ne ɗanye. Idan kasuwa ta yi zafi, itacen da aka saro wannan mako shi ake faskarawa a kasa a makon. Ɗanyen itace kuwa kusan rabin nauyinsa na iya zama ruwa, alhali busasshe na ƙwarai ruwansa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Wutar da ya kamata ta tafasa tukunya sai ta tsaya tana ƙafar da ruwan da ke jikin itacen. Za ka ji yana tsuwa, ka ga kumfa na fita ta ɗaya bakin, matar gida na fifita tana hawaye. Ka biya kuɗin itace, rabi ruwa aka ba ka. In dai faskararren za ka saya, ɗauki sanda biyu ka gwara su. Busasshe ƙara yake yi ƙwal-ƙwal, ba ya da nauyi a hannu, bakinsa ya tsattsage, ɓawonsa na ɓanɓaruwa. Ɗanye kuwa dif yake yi, ga sanyi a tafin hannu.

Ba na ɗora wa masu sayarwa laifin tsadar duka. Kowa a Zamfara ya san dazuzzuka irin su Sububu da Dumburum da Kuyambana ba su shiguwa yadda ake shigarsu a da saboda matsalar tsaro. Mai saran itace yanzu da ransa a hannu yake fita, kuma kafin kaya ya iso gari ya ratsa hannuwa da yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, gas ya yi tsada, kananzir kuwa tuni ya fi ƙarfin talaka, sai gidajen da suka bar murhu suka dawo masa. Masu nema sun ƙaru, hanyar kawowa ta ƙuntata. Wannan ya sa tazarar da ke tsakanin farashin kaka da farashin tsakiyar ɗari ta fi ta da faɗi, kuma wannan tazara ita ce ribar mai sayen gungume.

Gungume ana sayensa ne a amalanken shanu, ko kayan jaki ko raƙumi daga ƙauyukan kusa, ko a haɗa kai da maƙwabta a sauke a-kori-kura guda a raba. Ribarsa ta farko, kana ganin abin da kake saye da idonka, ɓawo da jiki, ba a ɓoye maka komai. Ta biyu, kuɗin faskare da ribar mai kasawa sun dawo aljihunka. Ta uku, kai za ka tsara girman kowace tsaga: siraran da za su tayar da wuta, matsakaita na tukunya, manya na garwashi. Har ɓarɓashin da ɓawon da ke zuba wajen faskare ba a yar da su, buhu ake samu a tara don kunna wuta da asuba.

Amma duk wannan riba tana rataye ne da lokaci. Wanda ya sayi gungume a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ya faskara ya jera, to iskar nan da muke kuka da ita ita za ta yi masa aiki kyauta. A abin da na gani a gidana, tsaga mai kaurin damtse tana bushewa cikin mako uku zuwa huɗu. Gungumen da aka bari da ɓawonsa ba a tsaga ba kuwa yana iya cinye rani guda cikinsa bai bushe ba. Wanda ya bari sai sanyi ya kankama sannan ya sauke ɗanyen kaya, ya haɗa wa kansa wahala biyu, ga faskare ga hayaƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai sanin itacen kansa, wanda a ganina shi ne rabin cinikin. Ƙirya ita ce gaba wajen garwashi, ba banza maƙera ke neman gawayinta ba. Gungume ɗaya nata a murhu bayan isha'i, da asuba ka tona toka ka tarar da jan rushi. Sai dai tana da taurin da ke mayar da gatari baya, ba ta kama wuta da wuri, kuma ta yi ƙaranci ƙwarai. Marke shi nake ɗauka a matsayin itacen gida. Yana da nauyi, yana ba da harshe mai kyau, yana barin garwashi, hayaƙinsa kaɗan ne in ya bushe, kuma in gungumen miƙaƙƙe ne yana tsaguwa ba tare da gardama mai yawa ba. In an ce in zaɓi iri ɗaya tak ga gidan da ke da mai jego da tsohuwa, marke zan nuna. Bagaruwa ma tana da wuta mai zafi da garwashi mai daɗewa, ita da aduwa, sai dai a kula da ƙaya a ƙananan rassan. Tsamiya da kanya suna ci da kyau amma jijiyarsu a murɗe take, mai koyo zai sha wuya a kansu. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya, shi ya fi samuwa a cikin gari saboda rassan da ake ragewa a gidaje da bakin tituna. Wutarsa matsakaiciya ce, ya isa tafasa ruwa, amma in bai bushe sarai ba hayaƙinsa na da ɗaci a ido da maƙoshi. Turare yana tsaguwa tsaf in yana ɗanye, in ya bushe kuma ya ƙi. Sabara da geza da kalgo, waɗanda ake samu wajen sharar gona, ba sa buƙatar gatari ko kaɗan, adda ta ishe su. Su ne ƙirare, su ne na wutar gaggawa, kuma suna sake tohowa bayan an sare su. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka wahalar da jakinka, jikinta kamar soso yake. Tinya da duk wani mai farin ƙaro mai ƙuna, a nisanta su da murhu.

Akwai itatuwan da ba na saye ko da sun yi araha, kuma ina roƙon mai karatu ya yi tunani a kansu. Gawo shi ne bishiyar da ke kakkaɓe ganyenta da damina ta bar wa gero rana, ta takinta ƙasar da ke ƙarƙashinta, da rani kuma ta ciyar da dabbobi da 'ya'yanta. Itacensa ma ba wani abin kirki ba ne a wuta, yana ci da sauri, ƙwaro na mayar da shi gari in ya daɗe a ajiye. Ɗorawa ita ce daddawarmu, kaɗanya ita ce man kaɗe da matan karkara ke samun na kashewa da shi. In ka ga ɗanyen gungumensu a mota, ka san an kashe bishiyar da ta yi shekaru tana ciyar da wani gida. Zamfara da Kebbi duk suna cikin jihohi 11 da shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa saboda kwararowar hamada, ana dasa 'yan tsirrai a gefe guda, muna ƙona manya a ɗaya gefen. Mai sayen gungume yana da ikon da mai sayen ƙulli ba shi da shi, domin yana gane abin da aka kawo masa, yana iya cewa a'a.

Yanzu ga inda ake rabuwa, wato aikin. Faskare ba wasa ba ne. Yana cin kwankwaso da kafaɗa, yana fasa tafin hannu kafin kanta ta fito. Gatarinmu na gargajiya, wanda ake cusa tsinin ruwansa cikin kan ƙota, ba shi da nauyi, yana shiga da kyau, kuma kowane maƙeri zai gyara maka shi. Ya dace da dogon itacen da aka kwantar a ƙasa ana binsa da tsaga daga wannan kai zuwa wancan. Gatarin kanti mai ido, wanda ƙota ke shiga cikinsa, ya fi nauyi da kauri, don haka ya fi buɗa guntun gungumen da aka yanka da zarto ko inji aka tsayar. Ga ƙirya da tsamiya da wurin da reshe ya fito, gaturan nan biyu duk ba su isa ba, sai an haɗa da guduma da ƙarfen tsaga guda biyu, irin wanda maƙera ke ƙerawa da tsohon sifirin mota. Ka kafa ɗaya a tsaga ka doka, in ya nutse ka kafa na biyu a gaba, na farko ya saki. In kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi na gargajiya, ka zaɓi miƙaƙƙun gumagumai. In kana da niyyar yin abin duk shekara, gudumar da ƙarafan za su biya kansu.

Abu guda da na koya da tsoro: iskar hunturu tana busar da ƙota kamar yadda take busar da itace. Wata safiya na ɗaga gatari, ruwan ya fice daga ƙota ya wuce ta gefen ɗana da ke tsugune yana tsintar ɓarɓashi, ya kafe a jikin katanga. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar ba na ɗaga gatari sai na jiƙa kansa a ruwa tun dare, na gwada shi a ƙasa, kuma ba yaron da ke tsayawa gabana ko bayana. Takalmi rufaffe nake sawa, ba silifa ba, kuma ba na dafe itace da ƙafa kusa da inda zan sara.

Wanda ya gyara mini hannu wani dattijo ne ɗan ci-rani da ke zagaya unguwarmu da gatari a kafaɗa duk shekara bayan an kai amfanin gona gida. Ya tarar da ni ina ta dukan tsakiyar wani gungumen marke, gumi ya jiƙa ni, itacen ko gezau. Ya ce, "Malam, icce na da baki. Duba inda ya buɗe baki, nan za ka sa mashi gatari." Ya juya gungumen, ya nuna mini wata siririyar tsaga a bakinsa, ya sara sau uku a kanta, itacen ya rabu biyu. Na ce, "Baba, ashe ba ƙarfi ba ne." Ya ce ƙarfi na da ranarsa, amma nauyin gatari shi ke aiki, hannu jagora ne kawai. Daga wurinsa na koyi cewa babban gungume daga gefe ake cinsa, ana ɓantarar sa har a iso zuciya, kuma ana barin gaɓa a ƙarshe, in ta ƙi a ajiye ta dunƙule don wutar dare. Ya kuma hana ni faskare a kan siminti ko dutse, saboda bakin gatari da sartsen da ke tashi. Lokacin aikin shi ne da sassafe ko bayan la'asar, kaɗan-kaɗan, ba a ce sai an gama mota guda a yini ba.

Wannan dattijo shi ne hanya ta tsakiya da mutane ke mantawa da ita. Kana iya sayen gungumenka a kaka, ka zaɓi irin da kake so, ka kira mai faskare ku yi jinga. Ko da ka biya shi ka ba shi abinci, a duk shekarun da na gwada, kayan na fi arha a kan sayen ƙulli har wata uku. Mai ciwon baya, da wanda shekaru suka ja, da ɗan kasuwar da ke fita tun safe sai dare, wannan ta fi musu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku daidaita kuɗin tun kafin ya fara, ka gaya masa girman tsagar da kake so, kuma ka biya shi kafin guminsa ya bushe.

Jeri shi ne ke nuna ko wahalar ta yi amfani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jibge itace a ƙasa a jikin katanga. Gara ba ta hutu ko da rani, za ta hau daga ƙasa ta cinye na ƙarƙashi, daga nan ta shiga ginin. Ni bulo nake jerawa, ko duwatsu, in ɗora sanduna biyu dogaye a kai, yadda itacen zai tashi daga ƙasa kamar taƙi guda. Ina barin rata tsakaninsa da bango wadda mutum zai iya zura tsintsiya. Gefe da gefe ina giciye tsagogin, biyu haka biyu haka, su zama kamar ginshiƙi, tsakiya kuma a jera su sako-sako, bakinsu na fuskantar gabas ko arewa inda iskar ke fitowa. Ba na barin tsayinsa ya wuce ƙirji, domin yara na hawa. Masu garwashi gefe guda, na tukunya gefe guda, ƙirare a sama, don kada a kwashe marke a kan dafa shayi. Da hunturu ba ya son rufi. In ya yi saura har damina ta matso, sai a ɗora tsohon kwano a samansa a danne da dutse, a bar gefunan a buɗe. Naɗe shi da leda ko tamfol gumi yake sa shi, ya yi funfuna.

A nisanta tarin da murhu, da zana, da rumbu, da harawar da aka ɗora a rumfa. Gobarar hunturu tartsatsi ɗaya take nema. Sannan tarin itace gidan kunama ne, wani lokaci har kububuwa ko gamsheƙa, musamman a unguwannin bakin gari. A gidana doka ce, itacen dare da na asuba ana ɗebo shi kafin magariba, kuma ana fara bubbuga tarin da sanda. Wanda dole ta sa shi zuwa da dare, da tocila zai je. Mai sayen ƙulli ya huta da duk wannan, kuma gaskiya ne a lissafa masa shi cikin ribarsa.

Gawayi fa? Wajen ɗumin ɗaki shi ya fi sauƙi. Ba faskare, ba jeri, buhu ɗaya a lungu ya isa, gara ba ta ci, hayaƙi kaɗan ne, kuma kilo ɗaya nasa yana ba da zafin da ya kusa ninka na kilo ɗaya na busasshen itace. Ga shayi, ga ɗumame, ga kaskon Inna, ba abin da ya kai shi. Amma ɗora masa babbar tukunyar wankan jego safe da yamma, buhun zai ƙare kana kallo, domin ba shi da harshen da ke lasar gindin tukunya. Ana kuma cuta a cikinsa kamar yadda ake yi a ƙulli: manya a bakin buhu, gari da ƙasa a gindi, wani ma a yayyafa masa ruwa don nauyi. Akwai kuma abin da ba ya bayyana a farashi. A yadda ake ƙona shi a rami a daji, sai an ci kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, kuma manyan itatuwa masu tauri ake nema. Gidan da ya koma gawayi kacokan ya fi gidan da ke ƙona itace cin daji, ko da bai taɓa riƙe gatari ba.

Babban haɗarinsa kuwa shi ne rashin hayaƙin nan da ake yabonsa da shi. Garwashi, na gawayi ne ko na itace, yana fitar da iskar da masana ke kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. A ɗakin da aka toshe taga da tsumma aka ja ƙofa, tana sa ciwon kai da jiri da nauyin jiki, mutum ya yi barcin da ba ya tashi. Iyayenmu da ke sa wuta a tsariya ƙarƙashin gadon ƙasa, ɗakunansu na ciyawa ne ko masu kafofin shan iska. Namu na siminti ne da silin da tagar gilashi. A kunna a waje, a bari ya ja sarai, a shigar da kasko ya ɗumama ɗaki da taga a buɗe kaɗan, a fitar da shi kafin a kwanta. Ɗakin jariri kuwa ban yarda a kwana da garwashi a ciki ba ko kaɗan. Hayaƙin ɗanyen itace ma ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, kuma mata da ƙananan yara da ke yini a bakin murhu su suka fi shaƙarta. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai hali ya busar da itacensa da kansa.

In kana son ka san wacce ta fi maka arha a unguwarku, kada ka kwatanta girman tari da ido. Kwana za ka ƙirga. Rubuta abin da gidanka ke kashewa a kan ƙulli cikin mako guda, ka ninka shi da makonnin sanyi, wajen 14 zuwa 16, ka tuna ƙullin zai rame a tsakiya. Sannan ka haɗa kuɗin gungume da na dako da na mai faskare, ka tambayi maƙwabcin da gidansa ya kai naka yawa kwana nawa irin wannan kaya ke yi masa. Gidan mutum uku da ba mai jego ba tsoho, bambancin ba zai taka kara ya karya ba, ƙulli da ɗan gawayi sun wadatar. Daga mutum bakwai zuwa sama, ko gidan da za a yi wankan jego, ko mai sana'ar ƙosai da tuwon sayarwa, gungume ya yi nisa. Rufaffen murhun laka ko na ƙarfe a madadin duwatsu uku a fili, shi ma yana rage cin itace ƙwarai, musamman da iskar hunturu da ke kwashe wuta gefe.

Ƙanena yana da ɗan fili a bayan ɗakinsa, amma shago yake buɗewa tun ƙarfe bakwai, kuma bai taɓa riƙe gatari ba. Na ce masa kada ya fara koyo a shekarar da yake da jego a gaba. Muka haɗa kuɗi da wani maƙwabcinsa aka sauke marke da 'yar bagaruwa a makon farko na Nuwamba, muka mayar da gungumen ɗorawa guda biyu da aka cusa a ƙasan kayan. Dattijon nan mai faskare ya yi kwana biyu yana faskarawa, ni da yara muka jera a kan bulo. Ya ƙara da damin sabara biyu da rabin buhun gawayi don kaskon Inna. Ranar da Inna ta iso, kafin ta shiga ɗaki sai da ta zagaya bayan gida. Ta zaro tsaga biyu ta gwara, ta saurara, ta ce saura kwana goma. Sannan ta nuna harawar akuyar da ke kan rumfa dab da tarin, ta ce wa ƙanena, "Kai, ɗauke wannan tun yau, ba sai gobe ba."